Dakan Rairayi

Matso nan kusa, jawo tabarmar ka zauna, akwai abin da nake so ka ji, kuma muryata ba ta kai nesa yanzu. Injin niƙan nan da anka kafa bayan dangarmu shi ya tono mini zancen. Tun hantsi yake ihu har la'asar da murya guda, ba ya hawa ba ya sauka, mata su jera kwanoni su zauna kowacce tana latsa waya. Ban ce bai rage wahala ba, ni da na yi daka har tafin hannuna ya yi kanta ba zan yi wannan ƙaryar ba. Amma ya kurmantar da gari. A da, in ka tsaya bakin rijiya da safe a ƙauyenmu, can bayan Tsarnawa, ba sai kowa ya ba ka labari ba, turame za su gaya maka. Ka ji gidan da anka yi baƙi, taɓarya uku a turmi guda, ana lugude ana tafi. Ka ji gidan da anka kwana da faɗa, taɓarya na faɗuwa kamar ana dukan wani, ba waƙa ko ɗaya. Ka ji mai tsohon ciki, ta daka biyar ta tsaya ta dafa ƙugu. Sussuka da muryarta, surfe da tasa, dakan gari da tasa. Yanzu kuwa maƙwabcinka sai ya kwana uku bai ɗora tukunya ba, kai kana jin inji kana cewa gari lafiya.

Mu mutanen ƙasa ne. Azna ake ce mana, wasu su ce arna suna murguɗa baki. Kakanninmu anka tarar a wurin nan, su sunka san tsamiyar da ba a sara da dutsen da ake gaidawa kafin a sa iri. Lokacin da na yi wayo rabinmu na salla, rabi na yanka jan zakara a gindin itace, da yawa kuma suna yin duka biyun don kada a ɓata wa kowa. Mutanen Birnin Konni su sayi hatsinmu ranar kasuwa, su ƙi shan ruwa a ƙwaryarmu. Ba mu da malami mai littattafai, ba mu da ɗa a lakwal, wato makarantar boko, ba mu da kowa a buro, ofishin gwamnati. Ganga muke da ita.

Babana makaɗin noma ne. Babbar ganga yake ratayawa ya bi manoma cikin gona ranar gayya, ranar da maza ke taruwa su nome wa mutum guda. Kowane gida yana da takensa, wato ɗan kiɗin da ganga ke kiran gidan da shi, uba ya bar wa ɗa kamar yadda yake bar masa gona. In anka yi gardamar iyaka ba takarda ake ɗaukowa ba, Baba ake kira ya kaɗa, ya rera wanda ya sare dajin, da wanda ya haifa, da wanda ya binne shi, har a iso kan masu gardamar suna tsaye suna sunne kai. Abin da ƴan yanzu ba za su gane ba shi ne, namiji ba ya jin takensa yana zaune. Ba wai dogari zai kama shi ba. Jikinsa ne ba zai yarda ba. Na taɓa ganin tsoho mai zazzaɓi ya rarrafo har bakin ƙofa yana jan hauya, don kawai ganga ta wuce da taken ubansa.

Baba ya san haka, shi ya sa yake da tasa hanyar aiki. Idonsa ya yi yana tun ina budurwa, ba ya ganin komai sai inuwa, amma kunnensa, wayyo. In gayya ta matso sai ya ɗauki sanda ya riƙa bin danga-danga da safe, kwana uku a jere, kamar mai shan iska. Turame yake saurare. Gidan da ya ji an yi daka, ya san mai gidan ya ci, zai kaɗa masa take ranar gayya. Gidan da ya ji shiru, ko ya ji ana bugun turmi wofi don rufin asiri, sai ya tsallake mai gidan, ya bar shi ya yi noman da ƙarfinsa zai iya, ba kuma wanda zai ji daga bakinsa. Yakan ce mana shi tun da ya gaji gangar nan bai taɓa kaɗa wa mai yunwa take ba, don ya san abin da take sa mutum. Ni ce autarsa, ni na ɗauko kunnen. Ina ƙarama yakan zaunar da ni ya ce, “Auta, wa ke daka can?” In faɗa. “Mi take dakawa?” In ce, “Dawa ce, Baba, kuma ta cika mata ruwa.” Ya yi dariya har ya buga cinya, ya ce da namiji anka haife ni da ya huta.

Anka yi mini aure gidan sarkin noma na da, gidan da ake kira gidan mai rumbu, don an ce kakan mijina ya taɓa ciyar da gari duka wata shekarar fara. Mijina dogo ne, ba ya son magana, dariyarsa sau ɗaya a wata, ni kuwa ka ji bakina. Yakan ce tun da ya kawo ni kajin gidan sunka daina kuka don ba su samun fili. Muna da ɗiya mata biyu, da Inna, uwarsa, da gonar kwari da sunka gada, wadda ke riƙe laima ko damina ta yi rowa.

Sai damina ta yi mana ƙarya shekara uku a jere. Ba zan ja maka labarin yunwa ba, kowane tsoho yana da nasa. Buzaye da Fulani sunka riƙa gangarowa daga arewa ba dabba ko guda, suna sai da tabarmi da ƙwarya a bakin hanya. Mazanmu sunka tsallaka Najeriya, ƙauye ya koma na mata da tsofaffi da ƴan mazan da sunka ƙi barin ƙasa. Munka ci tafasa, munka ci dusa, munka tone gidan tururuwa muna ƙwace musu ajiyarsu, munka jiƙa ƴaƴan anza, itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Da anka ce an kawo jar dawa ana rabawa a buro, mijina ya ɗauki buhu ya tafi da ƙafa. Ya yi layi tun safe, da ya iso gaba wani gardi mai tsaron buro ya dube shi ya ce, “Kai ba daga ƙauyen arnan nan kake ba? Ina dodanninku masu ba da ruwa? Su ma sun tafi cin rani?” Mutanen layi sunka yi dariya, masu yunwa irinsa. Ya naɗe buhunsa ya komo.

Ranar ya kira ni bayan rumbu, inda Inna ba ta ji. Ya ce, “Ke, ɗiyar makaɗi. Gidan nan tun kakana ba a taɓa wayar gari ba a ji daka ba. Ko ba komai, a ji daka.”

Na ce, “Maigida, in daka mi? Kaina?”

Ya ce, “Ke kika san turmi.”

To, na san turmi. Turmi wofi yana ƙara kamar ƙwarya, jariri ma zai gane. Na gwada ƙaiƙayi, ya yi sauƙi da yawa, taɓarya na nutsewa. Na gwada busasshen rairayi, yana ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa. Sai na haɗa rairayin kwari mai laushi da ƙaiƙayi, na yayyafa ruwa kamar yadda ake yi wa hatsi, na buga. Wallahi ni kaina sai da yawuna ya tsinke. Muryar surfe ce sak, mai nauyi, mai ɗan danshi. Kullum da safe in daka, in sa waƙa a kai, don mai hatsi ba ta daka shiru:

Daka, daka, ɗiyar makaɗi,
Gidan mai rumbu ya wayi gari.

Mata su wuce bayan danga su ce, “Sannu da aiki, masu ajiya!” In ce, “Yauwa, sannunku.” Har daɗi nake ji, kada in ɓoye maka. Ina jin na iya.

Ruwa ya sauko sau biyu a shekara ta huɗu, munka shuka irin da Inna ta ɓoye cikin tulu. Hatsi ya tsiro, ciyawa ta tsiro ta fi shi, ba mazan noma. Nan ne wani alhaji ɗan kasuwa daga Konni ya sa ido kan gonar kwari, yana son ta don auduga. Dogarin sarki ya zo a kan doki ya faɗa a dandali cewa gonar da ciyawa ta cinye ba ta da mai ita, ranar kasuwa mai zuwa za su zo su duba, in ba a nome ba sarki zai ba wanda zai iya. Tsofaffi sunka ce mu da anka tarar a nan? Dogari ya ce, “Ina takardarku?” Sai anka kira gayya ranar kasuwar, gayyar da ba a taɓa yin irinta ba, ba fura, ba tuwo, kowa ya zo da cikinsa.

Baba ya ɗauki sanda ya fara bin danga. Ina ganinsa ta tsakanin kara, yana tsaye ya karkata kai. Na gyara tsayuwa na yi dakan da ban taɓa yi ba, har da jefa taɓarya sama in tafa. A lokacin mijina ya kwana huɗu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan tsamiya. Ƴar anzar da nake zuba masa, sai ya faki idona ya juye wa Inna da ƴan matan. Ya ɗaure ciki da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Kowa ya rame a garin, ba mai duban ramar wani, kuma suruki da suruki ba su zama wuri guda, balle Baba ya ji yadda numfashinsa ya koma.

Ana gobe gayya, da la'asar, Baba ya aiko in je. Na same shi yana ɗaure tsarkiyar ganga. Ya ce, “Auta, gidanku kaɗai na ji surfe a garin nan. Mai gidan naki yana ci?”

Mace ba ta zancen mijinta gaban ubanta, balle zancen cikinsa. Na dubi ƙasa na ce, “Ba ka ji daka ba, Baba?”

Ya ce, “Na ji. Madalla. Ashe Allah ya bar mana namiji guda.”

Na tashi na komo gida da ƙafafuna biyu. Hanyar ba ta da nisa, amma akwai wurin juyawa sau goma, ban juya ba.

Da safe maza sunka shiga gona, ba su cika hannu biyu ba, yawancinsu masu furfura. Mu mata muna gefe da tulunan ruwa. Baba bai kaɗa taken kowa ba, kiɗi yake yi a hankali, irin na jan jiki, yana rera sunayen waɗanda sunka sare kwarin, yana lallaɓa su kamar uwa na lallaɓa mai koyon tafiya. Wanda ya gaji ya zauna, ba mai ce masa komai. Rana ta take, an nome abin da ya fi rabi kaɗan, sauran yanki guda wajen iyaka. Mijina ma ya je gindin gawo ya zauna, ya jingina kai, hauya a kan cinya. Na kai masa ruwa, ya kasa riƙe ƙwaryar har ya zuba a riga.

Sai ga ƙurar doki. Dogari ne da alhajin, ba su ma jira la'asar ba. Sunka tsaya bakin gona, alhaji yana riƙe da laima. Ya dubi tsofaffin da ke zube a ƙasa ya ce da ƙarfi, “Wannan gayya ce ko zaman makoki?” Dogari ya ce zai ba su zuwa inuwa ta juya.

Na ga Baba ya karkata kai. Ya gyara ratayar ganga, ya matse ta a jiki. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Na san abin da zai yi tun kafin ya ɗaga hannu, na san shi kamar yadda na san sunana. Kalma huɗu ce kawai zan faɗa: Baba, bai ci ba. Na dubi mijina, shi ma ni yake duba, ya girgiza mini kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Ga alhaji, ga dogari, ga matan gari da nake amsa wa sannu da aiki. Na kama bakin tulu na riƙe.

Ganga ta faɗi taken mijina. Mu da munka tashi da ita muna jin maganarta kamar ta mutum: Mai rumbu, tashi, rana ta yi. Mai rumbu, ƙasa ta ubanka ce.

Ya tashi. Bai dafa itace ba ma. Ya shiga yankin nan ya duƙa, ƙasa na tashi bayansa, mata sunka ɗauki guɗa, tsofaffin da ke kwance sunka miƙe sunka bi shi. Ban taɓa ganin noma irin wannan ba, kuma ba na so in sake gani. Ni ba kallo nake ba, saurare nake. Da farko hauyarsa na faɗuwa daidai kan bugun ganga. Can sai ta fara zuwa a baya, kaɗan, kamar mai ɗingishi. Baba ma ya ji, amma shi a saninsa mutumin ya ci tuwo, kasala ce ta rana, sai ya ƙara wuta don ya jawo shi. Hauya ta kamo ganga, ta sake sakinta. Ta kamo. Sai na daina jin ta.

Ya kife a kan hauyar, taku kaɗan kafin iyaka. Guɗa ta mutu a bakin mata. Baba kuwa ba ya gani, ga sauran hauyoyi na ta faɗuwa, ya ci gaba da kiɗi yana kirari, “Tashi, mai rumbu! Ɗan mai ciyar da gari!” Ba wanda ya iya zuwa ya riƙe masa hannu. Ba a katse makaɗi a tsakiyar take, ba a taɓa yi ba. Yana ta kiran mutum, mutum na kwance da ƙasa a baki. Sai a lokacin bakina ya buɗe, na ce, “Baba!” Kalma ɗaya, ita ma ta zo a makare.

Da anka kwance rigarsa anka ga rawanin, ya zagaya cikin sau huɗu. Tsofaffi biyu sunka ƙarasa ɗan abin da ya rage, suna kuka suna noma. Dogari ya zagaya da doki ya ce, “To, gona ta nomu.” Alhaji ya naɗe laimarsa ya ce, “Allah ya jiƙan musulmi,” ya juya.

Bayan kwana uku Baba ya shigo gidanmu, abin da bai taɓa yi ba tun aurena. Bai yi wa kowa gaisuwa ba. Ya tsaya tsakar gida ya ce, “Auta, yi mini surfen nan in ji.”

Na ce, “Baba, don Allah.”

Ya ce, “Daka.”

Na haɗa, na yayyafa ruwa, na daka a gabansa, Inna na zaune tana kallo. Ya saurara har na yi kamar ashirin. Sai ya lalubo bakin turmin ya tura hannu, ya ɗebo, ya murza a yatsu, ya kai bakinsa ya ɗanɗana. Ya daɗe yana taunawa, ina jin rairayin a haƙoransa.

Ya ce, “Wa ya gaya miki a jiƙa shi?”

Na ce, “Ba kowa. Kunnena.”

Ya ce, “Nawa ne. Ni na ba ki.” Ya tofar, ya goge hannu a riga. “Shekara arba'in ba wadda ta ruɗe ni. Kin iya, Auta. Kin fi ni.”

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Bai kuma daina kiɗi ba, don gari na bukatarsa, da gangar nan munka riƙe sauran gonakin har ruwa ya komo. Amma ya daina bin danga. Ranar gayya sai ya sa kowane namiji ya zo gabansa, ya tura hannu cikin rigarsa ya taɓa ciki, manya da furfurarsu, suna jin kunya suna tsayawa. Kuma har ya koma ga Allah bai sake cin abin da ya fito daga turmina ba. In na aika masa tuwo sai ƙwaryar ta komo a rufe yadda ta tafi, a ce ya gode.

Gonar tana nan, tamu ce. Jikokina ke aikinta, mutum guda da tankin feshi a baya ya kashe ciyawar kwarin duka kafin azahar, ba ganga ba guɗa. Ni dai na ɗauka za a tsane ni a garin, na ma so a tsane ni, da ya fi mini sauƙi. Ina! Kafin in fita takaba mata sun sa ni a waƙa. Wai ni ce macen kirki, wadda ba ta tona gidan mijinta ba ko da mutuwa ta zo. Ana yi wa amare ita ranar kai su ɗaki:

Ta daka rairayi, ta rufa asiri,
Amarya, ki zama ɗiyar makaɗi.

Takenmu na gidaje duk sun bi Baba, yau ba mai iya kaɗa ko guda, amma wannan waƙar ta ƙi mutuwa. Ranin da ya wuce anka yi bikin jikanyar maƙwabciyata, anka ɗauko zabiya daga Konni da lasifika. Ina zaune can baya da ƴar kujerata ina cin goro, sai na ji ta ɗauko ta. Wata ta raɗa mata cewa ai mai waƙar tana nan da ranta. Zabiya ta ce, “Ina take? Ina ɗiyar makaɗi? Kaka, fito a gan ki, amarya ta yi koyi!” Fili ya buɗe, ana tafi, amaryar ƴar ƙarama tana leƙo ni ta ƙarƙashin mayafi. Na so in ce mata, ɗiyata, in gidanki ba abinci ki hau kan danga ki yi ihu. Maganar tana bakina, na ji ta a kan harshe. Sai na ga ƙafafuna sun riga sun kai ni tsakiyar fili, ina juyi da guiwoyin nan nawa, ana liƙa mini a goshi.

Kai da ka yi karatu ka ga duniya, gaya mini tsakaninka da Allah: in anka kira ka a waƙa a gaban mutanenka, kai za ka iya zama?